Kada Garin Neman Ƙiba A Samo Rama: Maganin Cipro Da Danginsa A Jikin Iyayenmu

Jawabin Kwamitin Lafiya a wajen babban taron ƙungiya na shekara-shekara



Muna godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ba wa wannan kwamiti damar yin magana a gaban manya. A bana mun zaɓi mu yi bayani a kan wani rukunin magani guda ɗaya, wanda da wuya a shiga gida a birni ko a ƙauye ba a tarar da kwalinsa ba. Shi ne wanda jama'a suka sani da suna Cipro, tare da 'yan'uwansa. Magani ne mai ƙarfi da ya ceci rayuka masu yawa, amma ƙarfin nasa yana iya komawa kan mai shansa, kuma waɗanda suka fi shiga haɗarin su ne tsofaffi, wato iyayen da kowannenmu ya bari a gida yana yi musu aike.

ASALIN MAGANIN

Masana suna kiran wannan rukuni fulorokwinolon. Hanya mafi sauƙi ta gane ɗan gidan ita ce a duba ƙarshen sunan da aka rubuta a jikin kwali: ciprofloxacin, ofloxacin, levofloxacin, norfloxacin, pefloxacin, moxifloxacin. Duk sunan da ya ƙare da "floxacin", to daga wannan zuriya ya fito, ko da wane kamfani ne ya yi shi, ko da wane suna na kasuwa aka laƙaba masa.

Kakan zuriyar ya samo asali ne daga maganin da duk muka sani, wato kulorokwin na zazzaɓin cizon sauro. A shekarar 1962 wani masani a Amurka mai suna George Lesher da abokan aikinsa suka bayyana wani sinadari da suka samo ta hanyar binciken ragowar haɗin kulorokwin, wanda ke kashe ƙwayoyin cutar mafitsara. Daga baya aka ƙara wa irin wannan sinadari ƙwayar fulorin, ƙarfinsa ya ninka, ya kuma iya ratsa kusan kowane lungu na jiki. Kamfanin Bayer na Jamus ne ya ƙirƙiro ciprofloxacin, aka amince da shi a Amurka a 1987. Ofloxacin da levofloxacin kuwa daga Japan suka fito.

Aikin maganin shi ne ya hana ƙwayar bakteriya hayayyafa. Kowace bakteriya tana ɗauke da zaren gado a cikinta, a murɗe kamar igiya, kuma kafin ta rabu gida biyu sai wasu sinadarai sun yanke zaren, sun warware shi, sun sake ɗaure shi. Maganin yana jira ne sai an yanke, sai ya hana a ɗaure. Da haka zaren ke tsintsinkewa, ƙwayar ta mutu.

MENE NE TSATSAR CIKIN JIKI?

Kafin mu fahimci illar, sai mun yi bayanin wani abu da ke faruwa a jikin kowa a kowane lokaci. Duk mun san yadda fartanya ke yin tsatsa idan aka bar ta a raɓa, da yadda goro ke sauya launi jim kaɗan bayan an ɓare shi, da yadda man gyaɗa ke lalacewa idan ya daɗe a buɗe. Aikin iskar oksijin ne duka, ita dai iskar da muke shaƙa mu rayu.

A cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikinmu akwai wasu 'yan murahu ƙanana da ake kira maitokondiriya. A cikinsu ne ake ƙona abincin da muka ci da iskar da muka shaƙa domin a samar da ƙarfi. Kamar yadda murhu ba ya rasa tartsatsi, haka waɗannan murahu suke fitar da wasu ɓurɓushin sinadarai da masana ke kira firi-radikal. A ƙa'ida, ƙwayoyin lantarkin da ke jikin sinadari bibbiyu suke zama. Shi firi-radikal ɗaya daga cikin nasa ba shi da abokin zama, saboda haka za mu kira shi gwauro. Gwauron nan ba ya zama lafiya sai ya fizgo abokin zama daga maƙwabcinsa, shi ma maƙwabcin ya zama gwauro ya fizgi na gaba, a haka ɓarna ke yaɗuwa daga bangon ƙwayar halitta zuwa zaren gadonta.

Jiki kuwa ba a bar shi haka nan ba. Yana da masu kashe gobara na kansa. A 1969 masana biyu, McCord da Fridovich, suka gano ɗaya daga cikinsu, wanda ke kama gwauron ya mai da shi ruwan haidurojin, irin wanda ake wanke ciwo da shi. Wani sinadarin kuma ya mai da haidurojin ɗin ruwa da iska. Shi ne ma dalilin kumfar da muke gani idan an zuba shi a kan miki. Akwai kuma gulutatayon, wanda hanta ke sarrafawa da yawa. Muddin masu kashe gobara sun fi tartsatsin yawa, lafiya lau. Ranar da tartsatsi ya rinjaye su, an shiga halin da masanin Jamus Helmut Sies ya yi wa suna a 1985, wanda mu a nan za mu kira tsatsar cikin jiki.

INDA MAGANIN YA SHIGO

To, ina ruwan maganin bakteriya da murhun jikin mutum? Amsar tana cikin wani abin mamaki da masaniya Lynn Margulis ta yi bayani a 1967, wanda a yau masana suka yarda da shi: waɗannan 'yan murahu da bakteriya dangin juna ne. Suna da zaren gadonsu na kansu, a zagaye kamar na bakteriya, kuma su ma suna buƙatar a yanke a ɗaure kafin su hayayyafa. Don haka maganin da aka aika ya farauci baƙo yana iya tarar da ɗan gida mai kama da baƙon.

A 2007 ayarin masani James Collins na Jami'ar Boston ya wallafa cewa magungunan da ke kashe bakteriya suna tayar da gwaurayen sinadarai a cikinta, kuma hakan na daga cikin abin da ke ƙarasa ta. Wasu masana sun yi jayayya da wannan a 2013. A cikin wannan shekarar ne ayarin Collins ya juya ga jikin mutum: suka zuba ciprofloxacin da wasu magunguna biyu a kan ƙwayoyin halittar ɗan Adam a ɗakin gwaji, suka kuma ba wa ɓeraye. Bayan 'yan kwanaki murahun suka raunana, tartsatsi ya ƙaru, gulutatayon ya ragu, aka kuma ga alamun ƙuna a zaren gado da bangon ƙwayoyin.

Bayan wannan, maganin yana da halin kama ƙarafan da jiki ke buƙata, musamman maganiziyam da sinadarin ƙarfe, ya riƙe su. Gwaje-gwaje a kan ƙwayoyin jijiya sun kuma nuna yana ƙara kuzarin sinadaran da ke warware kolajin, wato zaren da aka saƙa jijiyoyi da guringuntsi da bangon hanyoyin jini da shi. Mafi yawan hujjojin yadda ɓarnar ke aukuwa daga ɗakin gwaji da jikin dabbobi aka samo su. Ita kanta ɓarnar kuwa a jikin mutane aka gan ta, likitoci suka rubuta, hukumomi suka tabbatar.

ILLOLIN DA AKA TABBATAR

Ta farko ita ce ta agara, jijiyar nan mai kauri da ta haɗa dunduniya da sha-raɓa. Agara ba ta samun jini sosai, saboda haka idan ta ƙone daga ciki ba ta saurin gyaruwa. Takan fara da ciwo da kumburi, wani lokaci kuma ta tsinke baki ɗaya, mutum yana tafiya ko yana hawa matakala. Abin na iya farawa cikin kwana 2 da fara shan maganin, yana kuma iya jinkirtawa har sai bayan watanni da gamawa, lokacin da babu wanda zai tuna da kwalin da aka yar. A 2008 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta tilasta a buga gargaɗi mafi tsanani a jikin takardar maganin saboda wannan. Ta kuma ambaci waɗanda suka fi shiga haɗari: wanda ya haura shekara 60, da wanda ke shan magungunan sitiroyid irin su prednisolone da dexamethasone, da wanda aka yi wa dashen ƙoda ko zuciya ko huhu.

Muna roƙon a lura da wannan haɗi na biyu. Dexamethasone da prednisolone suna yawo a hannun jama'a: wasu na sha don ciwon gaɓoɓi, wasu don asma, wasu don neman ƙiba, sau da yawa kuma ana cusa su a cikin haɗin da ake ƙullawa a leda ba suna ba takarda. Tsoho mai shekara 70 da ke shan irin wannan haɗi don ciwon gwiwa, idan aka ɗora masa Cipro, an tara masa haɗari biyu a lokaci guda.

Ta biyu ita ce ta jijiyoyin ji. Mutum ya riƙa jin zafi kamar barkono a tafin ƙafa ko hannu, ko tsira kamar allura, ko mutuwar sashe. A 2013 hukumar ta Amurka ta yi gargaɗin cewa wannan na iya farawa cikin 'yan kwanaki, kuma a wasu mutane ba ya warkewa. Ta uku ta shafi ƙwaƙwalwa da sukarin jini: rashin barci, firgita, ruɗewa, da faɗuwar sukari har ta kai ga suma, musamman ga tsoho mai ciwon sukari da ke shan glibenclamide ko allurar insulin. An ƙarfafa wannan gargaɗi a watan Yulin 2018. A Disambar shekarar kuma aka ƙara da na kumburi ko tsagewar babbar jijiyar jini da ta fito daga zuciya, abin da ya fi shafar tsofaffi da masu hawan jini.

Akwai biyu da suka shafi yankinmu kai tsaye. Idan hasken rana ya bugi maganin da ya taru a fata, yana tayar da gwaurayen sinadarai a wurin, fata ta ƙone. Manomi da ɗan acaɓa da mai talla su ne a bakin wannan. Sannan akwai wani gado da ya yawaita a tsakanin mazan Afirka ta Yamma, wanda likitoci ke kira ƙarancin G6PD. Jan jinin mai wannan gado ba shi da isassun masu kashe gobara, don haka wasu magunguna na iya farfasa shi, idanu su yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu. Takardar ciprofloxacin ta yi gargaɗi a kan masu wannan hali.

Gaskiya ita ce mafi yawan masu shan maganin suna gamawa lafiya. Hukumar magunguna ta Birtaniya ta ƙiyasta cewa illa mai naƙasawa ko mai daɗewa tana samun aƙalla mutum 1 zuwa 10 a cikin kowane 10,000. Adadin ƙarami ne idan cutar mai kisa ce, amma babba ne idan mura ce da za ta warke da kanta. Wannan lissafi ne ya sa Amurka a 2016 ta ce kada a ba da shi don ciwon hanci ko tari ko ciwon mafitsara mai sauƙi muddin akwai wani magani. Tarayyar Turai ta bi sahu a 2019, Birtaniya kuma a Janairun 2024 ta ce kada a rubuta shi sai idan sauran magungunan da aka saba ba za su yi ba.

DARASIN KANO DA NA MADARUMFA

Ƙasar Hausa ta san wannan zuriya tun kafin waɗannan gargaɗi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon ɗan gidan mai suna Trovan a kan yara a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano. Yara kusan 200 ne suka shiga gwajin, 11 suka rasu: 5 daga waɗanda aka ba Trovan, 6 daga waɗanda aka ba ɗaya maganin. Iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya ce sanƙarau ne ya yi kisan. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Shi kuwa Trovan, tun a 1999 Turai ta dakatar da shi, Amurka ta taƙaita shi, saboda lalata hanta. Zargin da wannan lamari ya bari a zukata yana cikin abubuwan da aka riƙa ambata lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, kuma yara ne suka biya kuɗin wannan ƙauracewa da ƙafafunsu.

A ɗaya gefen, a 2017 sanƙarau ya ɓarke a gundumar Madarumfa ta jihar Maraɗi a Nijar. Likitoci tare da hukumomin lafiya na ƙasar suka gwada ba wa mutanen ƙauye baki ɗaya ciprofloxacin sau ɗaya tak da zarar an sami mai cutar. A ƙauyukan da aka yi haka, yawan masu kamuwa ya ragu da fiye da rabi. Haka nan levofloxacin da moxifloxacin suna cikin ginshiƙan maganin tarin fuka mai taurin kai, kuma ciprofloxacin na cikin abin da ake ba mai atini mai jini. Saboda haka wanda likita ya rubuta wa, bayan ya auna shi ya san tarihinsa, kada ya ƙi sha saboda abin da ya ji a wannan taro.

YADDA AKE SHANSA A WURINMU

Abin da ke damun wannan kwamiti shi ne hanyar da maganin ke bi ya isa bakin mutanenmu. Zazzaɓi ya kama tsohuwa a gida, a buga wa ɗanta waya a birni, shi kuma saboda ƙauna da gaggawa ya ce a je kemis a karɓo na maleriya da na taifot, ko ya sayo ya ba direba. Wani lokaci an yi gwajin Widal, wanda aka ƙirƙiro tun 1896, kuma yakan nuna taifot a jinin wanda ya taɓa yin cutar tuntuni ko wanda ke fama da maleriya kawai. Mura kuwa da mafi yawan gudawar yara ƙwayar bairos ke kawo su, wadda wannan magani ba ya taɓawa ko kaɗan. A irin wannan hali an ɗauki haɗarin maganin duka, ba a sami amfaninsa ko ɗaya ba.

Daɗin daɗawa, kowane shan banza horo ne ga ƙwayoyin cuta. A 2016 aka sami ɓarkewar wani taifot a lardin Sindh na Pakistan wanda ya gagari wannan zuriya da wasu manyan magunguna. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya nuna cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce a kan gaba. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan zuriya a rukunin da ake sa wa ido. Masu kiwon kaji a cikinmu ma su sani cewa enrofloxacin da ake zuba wa a ruwan kaji ɗan gidan ne. Amurka ta hana ba wa kaji shi tun 2005.

SHAWARWARI

Na farko, kada a rubuta wa kowa magani ta waya. Kuɗin da za a saya wa tsoho Cipro a kai shi da su wurin ma'aikacin lafiya. Wannan magani a dokance sai da takardar likita ake sayar da shi.

Na biyu, duk wanda aka rubuta wa, ya faɗi shekarunsa da duk abin da yake sha, har da haɗin leda. Ya ambaci ciwon ƙoda, ciwon sukari, hawan jini, farfaɗiya, juna biyu ko shayarwa, sannan ya tambaya cikin ladabi ko akwai wani maganin da zai yi aikin.

Na uku, kada a kora ciprofloxacin da madara ko nono ko fura da nono, domin yana kama sinadarin da ke cikinsu ya ƙi shiga jini. Maganin gyambon ciki mai alli da ƙwayar ƙarin jini ma haka. A sha shi awa 2 kafin su, ko awa 6 bayansu. A sha ruwa da yawa, a rage shiga rana da aikin ƙarfi.

Na huɗu, da zarar an ji ciwo ko kumburi a agara ko kafaɗa, ko zafi da tsira a ƙafa da hannu, ko ruɗewa, a dakata da shan maganin, a hutar da gaɓar, a koma wurin likita a ranar domin ya sauya wani. Ciwo mai tsanani da ya zo farat ɗaya a ƙirji ko ciki ko baya kuwa, asibiti nan take. Wanda ya taɓa samun irin wannan illa ya rubuta sunan maganin ya ajiye, kada a sake ba shi wani ɗan gidan. Ana kuma iya kai rahoto ga hukumar NAFDAC ta hannun asibiti ko famasi.

Na biyar, a yi hattara da 'yan kasuwar da za su ji wannan bayani su fito da kwalaben "wanke tsatsa". Babu wani ƙarin bitamin da aka tabbatar yana kare mutum daga illar wannan magani. A 1994 wani gwaji a ƙasar Finland ya nuna cewa mashaya taba da aka ba ƙwayar beta-karotin, wadda ake tallata a matsayin mai kashe gwaurayen sinadarai, sun fi waɗanda ba a ba su ba kamuwa da sankarar huhu. Zogale da alayyafo da kuka da wake da gwaba da lemo da ke kasuwarmu abinci ne mai gina jiki, sun fi kwalba arha, sun kuma fi ta aminci.

Na shida, muna ba ƙungiya shawarar cewa a ranakun duba marasa lafiya kyauta da take shiryawa, kada a raba irin wannan magani sai ta hannun likita, kuma a zauna da masu kemis na gari a yi musu wannan bayani, domin su ma 'ya'yanmu ne, kuma su ne suka fi kusa da marar lafiya. Taifot da atini kuwa ta ruwa da abinci suke shigowa. Kowace rijiyar burtsatse da ƙungiya ta gyara, da kowane masai da aka gina nesa da rijiya, ragi ne a kan yawan kwalayen da za a sha.

KAMMALAWA

Mai girma shugaban taro, iyayenmu sun yi mana tafiyar ƙasa zuwa gona da kasuwa har muka zama abin da muka zama. Ƙafar da ta yi wannan tafiya ta cancanci a tambayi likita kafin a ba mai ita magani. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Muna fatan kowa zai koma masaukinsa ya duba kwalayen da ke ɗakin mahaifiyarsa da mahaifinsa, ya karanta ƙarshen sunan, ya kuma isar da wannan saƙo ga waɗanda ba su sami zuwa ba.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana, ya mai da kowa gidansa lafiya.